Lofen da Ɗanliti Ya Bayar da Baki

Akwai wani mai sayar da gwanjo a kasuwar Malanville ta arewacin ƙasar Benin, zamanin mulkin soja, ana ce masa Ɗanliti. Bai taɓa shan taba ba, amma Allah ya jarabce shi da son lofe, tukunyar tabar nan ta Turawa.

A aljihun tsofaffin kwat na dila yake tsintar su. Na ƙasar Ailan kawai yake ajiyewa, waɗanda aka sassaƙa da saiwar itace mai tauri. Ya goge su da man gyaɗa, ya jera a faranti. Ɗaya mai zoben azurfa a wuya, wannan kam ransa ne.

Wata rana wani sabon jandarma, wato ɗan sanda, daga kudu, mai suna Dosu, ya tsaya rumfarsa. Ya ɗauki mai zoben yana ta yabawa.

"Naka na, yallaɓai," in ji Ɗanliti.

Kun dai san al'adarmu: a ce naka ne, kai kuma ka yi godiya ka ajiye. Dosu baƙo ne, bai sani ba. Ya rungume Ɗanliti, ya sa lofe a aljihu, ya yi gaba.

Ranar Ɗanliti bai iya cin tuwo ba. Matarsa Hasiya ta ce, "To mai kyauta, tashi ka amso abinka."

"Da wane baki? Ni nac ce nashi na."

Ana nan, abokan aiki suka fahimtar da Dosu ɓarnar da ya yi. Ya dawo rumfa kunya kamar ta kashe shi, ya miƙo lofen da hannu biyu.

Wallahi hannun Ɗanliti har ya motsa. Sai ya tambaya, "Kana shan shi?"

"Babana na so in kai wa. Nasa ya karye."

Ɗanliti ya janye hannunsa. "Kai mai. Ka ce ɗanshi na arewa na gaishe shi."

Ba a jima ba aka mayar da Dosu aiki tashar jiragen ruwa ta Kwatano, labarinsa ya ɓace.

Shekaru suka ja. Rannan wani direban babbar mota ya yi sallama a ƙofar gidan Ɗanliti da akwatin katako, saƙo daga Dosu. Ashe duk tsawon lokacin nan Dosu na bin matuƙan jirgi yana sayen tsofaffin lofe na Ailan, don tsohonsa ya ce kada ya kuskura ya manta da mutumin nan.

Ɗanliti ya zauna a ƙasa yana fiddo su ɗaya-ɗaya, yana hamdala, hawaye na zuba.

Direba ya ɗaga guda ya ce, "Kai, wanga ya yi kyau!"

Ɗanliti ya buɗe baki ke nan, sai muryar Hasiya daga cikin gida: "Malam, rufe bakinka! Kawo ma baƙo ruwa ya sha!"

Darasi: In bakinka ya yi kyauta, bari zuciyarka ta cika ta, ko da ciwo. Allah ba ya manta irin wannan. Ku tura wa wanda ya taɓa ba ku abin da yake so.