Ministan da Ya Kare Abin da Ya Ƙi

Akwai wani ɗan majalisa a Lesotho mai suna Phallang, mutumin kan duwatsu. Alkawari ɗaya ya kai shi Maseru, babban birnin ƙasar: gada a kan kogin da ya raba ƙauyensu da asibiti.

Bayan zaɓe babbar jam'iyya ta rasa rinjaye, sai ta lallaɓo ƙaramar jam'iyyar su Phallang aka haɗa gwamnati. Rabonsa ya zama kujerar ministan ayyuka.

Ran nan majalisar ministoci ta yanke a ɗage aikin gadar. Phallang ya yi ta faɗa har muryarsa ta dishe. Firayim Minista ya ce, "Ntate," wato Malam a yarensu, "mun ji ka. Amma ka san ƙa'ida, in mun fita ɗakin nan bakinmu ɗaya. Wanda ba zai iya ba ya ajiye muƙami."

A gida matarsa ta ce, "Ajiye musu kayansu, Ntate. A kan doki ka baro ƙauye, ba a baƙar mota ba."

"Ke dai! In na fita, wa zai yi faɗa dominmu a ciki?"

Ranar amsa tambayoyi a majalisa, Qamako na ɓangaren adawa ya miƙe yana murmushi. "Mai girma minista, ina gada? Ko mutanenka sun koyi iyo ne?"

Aka kwashe da dariya. Phallang ya ce, "Gwamnati ta duba, gadar ba ta gaggawa ba ce." Rediyo ya kai maganar har kan duwatsu.

Da ya je taron ƙauye, kowa na ƙudundune cikin bargo, ba mai guɗa. Nkhono 'Malerato, wato Kaka 'Malerato, tsohuwar da ta goya shi, ta matso.

"Ɗana, tsakani da Allah, a ɗakin naku ka yi mana magana?"

Ya buɗe baki, sai ya tuna ya rantse zai riƙe sirrin majalisar ministoci.

"Nkhono, abin da aka yi a ciki ba a faɗa."

"To," in ji ta. "Mu dai na waje muka ji."

Ba a jima ba majalisa ta kaɗa ƙuri'ar rashin amincewa, gwamnati ta faɗi, aka koma zaɓe. Phallang ya sha kaye har a rumfar ƙauyensu.

Darasi: Jama'a ba sa ganin faɗan da ka yi a bayan ƙofa, inda ka tsaya a fili suke gani. In kujera ta ce ka ƙaryata zuciyarka, tashi ka bar ta. Ku tura wa 'yan uwa, musamman masu shirin tsayawa takara.