Ranar da Aka Tashi Kunkuru daga Kan Shafi

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

A garin da ke cikin jikin mutum akwai kundin halitta. Tururuwa ce magatakarda, abin da ta kwafa daga kundin shi gari ke yi, amma ba ta fara kwafar shafi sai mai zama a kansa ya ɗaga. Kunkuru ke zaune kan shafin da ya ce a hayayyafa. Sai an ji rauni yake matsawa, in an warke ya koma.

Kura ta kai ƙara gun Zaki. "Ranka ya daɗe, kowa na gumi, wannan kuwa zama kawai yake."

Kunkuru ya ce, "Zaman nan shi ne aikina."

Zaki ya ce, "Haka malalata ke cewa. Tashi."

Aka naɗa Kura. Don a ga ƙwazonta, kullum sai, "Tururuwa, kwafa." Gari ya yi ta haihuwa har abinci ya ƙare, ganuwa ta tsage. Aka nemo Kunkuru, aka rasa inda zai zauna.

Likita ya ce mini kusan haka ciwon daji ya yi wa kakanku Malam Barau.

Ƙurunƙus kan ɓera. Da ma ƙarya na yi muku.