Wanzamin da Ya Ajiye Aska

Akwai wani mutum a wani ƙauye, manomi ne da damina, wanzami da rani. Allah ya ba shi hannu. In ya ɗora aska a kanka sai ka yi gyangyaɗi, kafin ka farka ya gama. Mata ba sa yarda kowa ya taɓa kan jariransu ranar suna sai shi, har aka riƙa ce masa Sarkin Aska, ko da yake ba wanda ya naɗa shi.

To, kun san wanzami da goro. Wanda zai kira shi suna, da goro zai kira shi. In ya gama aiki, da goro za a sallame shi. Haka ya fara, ɓari ɗaya da safe don ido ya buɗe. A kwana a tashi ɓari ya zama guda, guda ya zama aljihu cike. Bakinsa bai ƙara zama ba komai a ciki ba. Barci ya ƙaurace masa, sai ya kwana yana juyi, da safe ya tashi a gajiye, ya ƙara goro don ya kori gajiyar da goron ya kawo. Ƙirjinsa yana bugawa kamar ana daka a maƙwabta. Ƙwannafi ya zama abokin tuwonsa. In kuwa aljihu ya wayi gari ba komai, ko akuya ba ta isa ta gifta ta gabansa ba.

Matarsa ta ce masa, “Maigida, goron nan kai kake cinsa, ko shi yake cinka?”

Ya ce, “Kakana ya ci, ubana ya ci. A kaina ne zai zama dafi?”

Ana nan sai 'yarsa ta zo gida haihuwar fari, ta sami 'ya mace. Murna ta cika mutumin nan. Yana leƙa ɗaki yana cewa, “Ina amaryata? Ku gaya mata ni zan yi mata askin da ba a taɓa yi wa kowa ba.” Ranar suna ya tashi jiki ba ƙarfi, don bai runtsa ba. Ya ce a ransa, yau ba ranar kasala ba ce. Ya tauna goro, ya bi da wani, ya ƙara da wani.

Aka yi addu'a, aka raɗa suna. Gwaggon jaririya ta zauna a tabarma, ta rungumo ta, ta miƙo kanta. Mutumin ya jiƙa gashin da ruwan ɗumi, ya zaro aska daga zabira, ya kawo ta kusa. Sai ya ga maɗigar yarinyar, wato wurin nan mai taushi a tsakiyar kan jariri, tana motsi a hankali. Ya dubi bakin askar, ita ma tana motsi. Ya riƙe wuyan hannunsa da ɗaya hannun, rawar ba ta tsaya ba.

Ba wanda ya lura. Da ya so, da ya cije ya yi askin, wataƙila a gama lafiya, wataƙila kuma a'a. Gida cike da mutane, surukai sun zo daga nesa. Amma ya mayar da askar cikin zabira, ya miƙe, ya ce da murya yadda kowa zai ji, “Hannuna yana rawa. Ba zan ɗora shi a kan yarinyar nan ba. A je hayi a kira mini wanzaminsu.”

Wanzamin hayi kuwa shi ne wanda suka daɗe suna ja da shi a kan masu aski, ko gaisuwa da ƙyar suke yi. Ya zo, ya yi askin, mutuminmu yana tsaye yana riƙe masa ƙwaryar ruwa.

Daga ranar ya ce ya bar goro. Ya juye aljihunsa, ya rantse ko ƙamshinsa ba zai ƙara ji ba. Kashegari ciwon kai ya kwantar da shi, kamar an ɗora masa turmi. Ga hamma, ga faɗa, ga jiki kamar an yi masa duka. Matarsa ta zauna a bakin gado ta ce, “Ka hau rimi a hankali, yanzu kana so ka diro? Sauka za ka yi, reshe reshe.” Ita ta riƙa ajiye goron. Ta ba shi ɓari da safe, bayan wani lokaci ta raba ɓarin biyu, ta sake rabawa, har ya zama abin da take ba shi bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Tana ba shi ruwa da yawa, tana kora shi gona ya yi gumi. Wata safiya ya fita bai tambaya ba, ita ma ba ta tuna masa ba.

Sauran wahalar tana waje. Duk inda ya zauna sai an miƙo masa goro. Da farko ya riƙa cewa, “A'a, na bari.” Wani tsohon amininsa ya zo gayyatarsa auren ɗa, ya miƙo masa goron gayyata, shi kuwa ya mayar masa da shi. Aminin ya ɓata rai ya ce, “Ni za ka mayar wa goro? Me na yi maka?” Mutumin ya ga ba zai sayi lafiyarsa da zumuncin mutane ba. Sai ya koyi karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa albarka, nan take kuma ya miƙa wa na kusa da shi. Bai yarda goro ya shiga aljihunsa ba, don ya san in ya shiga zai yi kira.

Aska kuwa tun ranar sunan bai taɓa kan mutum da ita ba. Ya samo duma, yana zama a ƙofar gida yana kankare bayansa kamar sabon ɗan koyo. Masu wucewa suna cewa, “Sarkin Aska, yaushe sunan wannan jaririn?” Yana amsawa, “In ya yi kuka zan aiko muku.” Barci ya dawo masa. Ƙirji ya lafa. Hannu ya tsaya cik. Amma mutane sun ji abin da ya faɗa da bakinsa, ba wanda yake so ya zama na farko.

Ran nan sai ga wanzamin hayi. Ya yi sallama, ya cire hula, ya zauna a ƙasa a gabansa, ya ce, “An ce wanzami ba ya son jarfa. To, ga kaina. Yadda na ji ka ajiye aska ran nan, ban san wani hannu da zan fi yarda da shi ba.” Mutumin ya yi masa aski a gaban jama'a, tas, ko ƙwarzane babu. Kafin ya wanke askar, wani ya riga ya cire hula yana jira.

Ma'anar wannan misali ita ce, jikokina, ku buɗe kunne.

Wanzamin nan kai ne, ke ce. Askar ita ce aikin da Allah ya danƙa a hannunka. Jaririyar kuwa su ne mutanen da ransu yake ƙarƙashin hannun nan. Kai mai babur, wanda ka goya a baya shi ne jaririyarka. Ke mai aikin asibiti, ke mai goyo, kai malamin makaranta, kowa yana riƙe da aska a kan wani.

Goro ba zunubi ba ne. Shayi ba zunubi ba ne, kofi ma haka. Allah ne ya yi su. Amma abin da yake cikin goro mai buɗe ido, shi ne a cikin baƙin shayin da kuke dafawa har ya yi ɗaci, shi ne a cikin ruwan gwangwanin nan da samari kuke kwankwaɗa wai na ƙarin ƙarfi. Ba ƙarfi yake ba ku ba, gajiyar yake rufewa, tana nan tana jiranku. Ubangiji ya fanshe ku da tsada don ku zama 'ya'ya, ba don ku zama bayin abin da yake cikin kofi ba.

Abin da ya sa nake ƙaunar mutumin nan, bai jira jini ya zuba ba. Ya zaɓi kunya a gaban surukai, ya faɗi gaskiya da bakinsa. Ya yarda matarsa ta taimake shi. Ya sauka a hankali, kuma bai zama mai wa'azi a kan masu ci ba, bai wulaƙanta hannun da ya miƙo masa alheri ba. Girma ke nan. Wanda kuma ƙirjinsa yake bugawa ba dalili, kada ya tsaya kan maganar tsohuwa kaɗai, ya je asibiti a duba shi.

Ga aikin da na ba ku. Gobe da safe kada ka fara da abin da ka saba. Yi addu'arka, gaida mutanen gidanka, ka ɗan jira. In ka ga lafiya lau kake, gode wa Allah. In kuwa ka ga ba ka iya amsa gaisuwar uwarka da fara'a sai ka kurɓa, to, ka sami wanda za ka gaya wa tun kafin rana ta faɗi. In ba ka da kowa, ka zo wurina. Ba zan yi maka dariya ba, amma ba zan ce maka ba komai ba.