Layi Ɗaya da Tasi'u Ya Tsallake

An yi wani mutum a wani babban gari, garin ba zan faɗa ba, amma sunan mutumin Tasi'u. Ba a zamanin kakanninmu aka yi shi ba, a wannan zamanin namu ne na kwamfuta da wayar hannu, don kada wani ya ce mini ai mutanen kirki sun ƙare tun da.

Wannan bawan Allah yana aiki a wani asibiti babba, irin wanda ake kawo wa marasa lafiya daga jihohi uku ko huɗu. Shi ba likita ba ne, ko allura bai iya yi ba. Wurin aikinsa can ƙarshen gini ne, bayan ɗakin wanki, wani ɗaki mai sanyi da ko a tsakiyar bazara sai ka sa rigar sanyi. A ciki akwai na'urori goma sha ɗaya a jere, an haɗa su da waya suna aiki kamar abu guda. Nan ne rumbun asibitin. Duk hoton ƙirjin da aka ɗauka, duk gwajin jini, duk abin da likita ya rubuta a kan mara lafiya, nan yake zuwa ya kwanta.

Ku ji yadda ya tsara shi. Duk fayil ɗin da ya shiga, sai a ajiye shi wuri uku, a na'ura uku daban-daban. In ɗaya ta mutu, biyu na riƙe da shi, likita bai ma san an yi ba. In wuri ya kusa cika, ba a rushe komai, sai a kawo wata na'urar a jona, rumbun ya ƙara faɗi. Da na'ura uku ya fara. Shekara tara yana kai, ko takarda ɗaya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Kuma rabin likitocin asibitin in sun gamu da shi a hanya ba su san ko wane ne ba.

To, wata Litinin aka kawo na'ura ta goma sha biyu. Ya jona ta, ya rubuta umarnin da zai kwashe sababbin hotunan ƙirji ya jera su a sabon wurin, kowane hoto a ƙarƙashin lambar mai shi. Komai ya tafi daidai a ido.

Ranar Juma'a da safe, kamar yadda ya saba, sai ya buɗe wasu fayiloli haka kawai don ya duba lafiyarsu. Ya buɗe na wani dattijo ɗan shekara saba'in, sai ya ga hoton ƙirjin jariri. Ya buɗe na gaba, na gaba, na gaba. Duk haka suke. Ya koma kan umarnin da ya rubuta ran Litinin, ya bi shi da yatsa, sai ya ga ya tsallake layi ɗaya. Layi ɗaya, jama'a. Hoton kowa ya faɗa ƙarƙashin sunan na bayansa, mutum sittin da uku. Rumbun kuwa, da yake abin da aka ba shi yake riƙewa, ya ajiye kuskuren nan wuri uku.

Ku saurara da kyau, nan ne wurin. Gyaran ba zai ɗauke shi minti goma ba. Da ya so, sai ya mayar da kowane hoto gidansa, ya rufe ɗaki, ya tafi masallaci, babu mahaluƙin da zai sani. Amma kwana huɗu ke nan likitoci suna kallon hotunan nan suna yanke hukunci a kan jikin mutane. An sallami wasu, an kwantar da wasu, an rubuta wa wasu magani.

Ya gyara hotunan, ya buga sunayen mutum sittin da ukun a takarda, ya nufi ofishin shugaban sashensu, Alhaji Maikano. Ya faɗa masa komai.

Alhaji Maikano ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce, "Ka gyara?"

Ya ce, "Na gyara, yallaɓai."

"Wa ya sani?"

"Daga ni sai kai."

"To shi ke nan. In wani abu ya taso daga baya, mu ce sabuwar na'urar ce ta zo da matsala. Tasi'u, kana da iyali. In maganar nan ta hau sama, ni ba zan iya kare ka ba."

Tasi'u ya ce, "Yallaɓai, na'urar lafiyarta ƙalau. Ni ne na yi. Kuma a cikin takardar nan akwai wadda za a shiga da ita tiyata ƙarfe goma."

Ya nemi izini, ya fita. Bai yi faɗa ba, bai ɗaga murya ba, amma sai da ya fita.

Ya isa ƙofar ɗakin tiyata an riga an gungura wata baiwar Allah, Iya Talatu, an sa mata rigar asibiti, 'ya'yanta na zaune a benci suna jan carbi. Mai gadi ya tare shi. Ya ce a kira masa likitar da za ta yi aikin, Dakta Asabe, magana ce ta rai. Ta fito hannunta a jiƙe, ranta a ɓace.

Ta ce, "Malam, daga ina?"

Ya ce, "Daga ɗakin kwamfuta, ranki ya daɗe. Hoton da kika gani na Iya Talatu ba nata ba ne. Na wani ne mai suna Haladu. Ni na haɗa su da kuskure."

 Ta koma ta buɗe hoton na gaskiya, ta ga huhun matar nan fes, babu ƙarin da za a yanke. Aka kwance Iya Talatu, aka mayar da ita ɗaki. Shi kuwa Haladu, mai ƙarin a huhu, tun ran Laraba aka ce masa lafiyarsa lau, aka ba shi maganin tari ya koma ƙauyensu.

Kafin la'asar an kira mutum sittin da biyu. Lambar wayar Haladu kaɗai ba ta shiga. Washegari Asabar, babu wanda ya aike shi, Tasi'u ya hau babur ɗinsa ya yi tafiyar awa biyu, yana tambaya gari-gari, har aka nuna masa wani dattijo zaune gindin darbejiya yana ɗaure kan fartanya yana tari.

Ya gaishe shi, ya durƙusa, ya yi masa bayani. Haladu ya ce, "Wato likita ce ta yi kuskure?"

Ya ce, "A'a, Baba. Likita abin da na ba ta ta karanta. Ni ne."

"Kai ne, kuma ka zo da ƙafarka?"

"Na zo, Baba. Ka yafe mini, kuma ka shirya mu koma."

Dattijon ya ajiye fartanyar. Ya kira matarsa ya ce ta kawo wa baƙo ruwa, ta ɗauko masa babbar rigarsa. Ran Talata aka yi masa aiki, kuma Allah Ya sa an yi a kan lokaci.

Kada ku ɗauka an yi wa Tasi'u tafi. Kwamiti ya zauna, aka dakatar da shi wata uku, aka sa masa takardar gargaɗi. Ya karɓa da hannu biyu ya ce ya cancanta. Kafin ya bar ofis ya rubuta wa wanda zai riƙe rumbun bayani shafi shida, kuma abin da ya fara sawa a shafin farko shi ne kuskurensa da yadda za a kauce masa. Dakta Asabe ce kaɗai ta yi magana a zaman. Ta ce, "Ku hukunta shi, amma ku dawo mana da shi. Ni dai daga yau in mutumin nan ya ce fayil daidai yake, zan ɗauki wuƙa hankalina kwance."

Ya dawo bayan wata uku, ya ci gaba da aikinsa. Haladu ya ƙara noma damina bakwai.

Ni ina alfahari da wannan bawan Allah, kuma ina so ku yi alfahari da shi, don namu ne, cikinmu ya tashi, sallar da muke yi yake yi. Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne: riƙon amana ba wai kada ka taɓa yin kuskure ba ne, wannan babu ɗan Adam da zai iya. Riƙon amana shi ne ranar da ka yi kuskuren, kuma hanyar ɓoyewa tana buɗe a gabanka, ka tuna akwai wanda zai cutu da shirunka, ka buɗe baki ka ce ni ne.

Kai makaniken da ka manta ba ka ɗaure noti ba har mai mota ya tafi, kira shi ya tsaya. Ke mai kemis da kika ba da maganin da ba shi ba, bi sawun mai shi har gida. Kai magini da ka san ginshiƙin nan bai ji siminti ba, faɗa tun ba a ɗora bene ba. Za a yi maka faɗa, wataƙila ma a kore ka. Ka jure. Kunyar yau tana wucewa, amma rayuwar da ka salwantar da shirunka za a tambaye ka ita.

Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar faɗin gaskiya a kan kanmu. Ku tashi mu daidaita sahu.