Akwati Mai Ido Ɗaya a Jikin Maɗaci

Ku matso, ku matso. Mantau, janye ƙafarka daga kan tabarmata. Yau za ku ji magana daga bakin mutumin da ya yi shekara tara yana gadin kurmi, wanda in damisa ta hango shi sai ta sauka daga hanya ta ce, "Wuce, ranka ya daɗe." To, shekara taran nan, in aka lissafa da kyau, wata huɗu ne. Gadin kuma tukunyar masu gadin nake gadi, ni ke dafa musu wake. Damisar ma kashinta na gani. Amma sabo ne, yana tururi.

Ga ta nan, ga ta nanku, ga ta tafe da laka har gwiwa.

"Ta zo mu ji ta, Kawu Jatau!"

Wani kurmi ne can kudu, inda ruwan sama ba ya hutu. Itatuwa sun haɗe a sama, rana da ƙyar take leƙo ƙasa. Gwamnati ta ce gandun namun daji ne, ba farauta, ba sare itace. Ta zuba masu gadi, babbansu Malam Tanimu.

A tsakiyar kurmin akwai wani tsohon maɗaci, mutum shida ba sa zagaye shi da hannu. Can sama cikin kogonsa Aku ta ƙyanƙyashe 'ya'ya biyu, ko gashi ba su yi ba.

Rannan sai ga Malam Tanimu tare da wani Alhaji mai injin yankan katako. Suka zauna a gindin maɗacin. Aku tana sama tana saurare, don ita kaɗai ce a kurmin ke jin maganar mutane.

Alhaji ya ce, "Malam Tanimu, wane nama kuke gadi a nan? Tun safe muke tafiya ko ɓera ban gani ba. An cinye su tuntuni. A ba ni itatuwan kawai."

Malam Tanimu ya ce, "Suna nan, Alhaji. Ɓuya suke."

Alhaji ya ce, "Nuna min."

Sai Malam Tanimu ya ciro wani ɗan akwati, bai fi sandar sabulu ba, mai ido ɗaya. Ya ɗaure shi a jikin maɗacin, idon yana kallon hanyar rafi. Ya ce, "Duk abin da ya gifta, wannan zai ɗauki hotonsa. Manya sun ba mu kwana talatin. In an buɗe an ga namun daji, kurmi ya tsira. In ba komai, ka kawo injinka."

Alhaji ya yi dariya. Ya ciro jan fenti ya shafa wa maɗacin. Ya ce, "Da wannan zan fara."

Aku ta dubi 'ya'yanta. Kwana talatin ba za su isa su yi fiffike ba.

Sai ta tara namun daji. Biri ya zo, Damisa ta zo, Gada ma ta zo ta tsaya can nesa da Damisa. Aku ta ce, "Jama'a, abu mai sauƙi ne. Kowa ya bi ta gaban akwatin nan sau ɗaya, a gan shi. Shi ke nan."

Biri ya ce, "Dakata. Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Da kunnena na ji."

Ya ce, "Da wane yare?"

Ta ce, "Da na mutane."

Biri ya dubi Gada. Gada ta dubi ƙasa. Biri ya ce, "Uhm. Ai kowa ya sani, kakarki a keji ta tsufa, a gidan wani ɗan kasuwa, ana ba ta gyaɗa tana gaida baƙi."

Gada ta ce, "Ni abin da ya ɗaure min kai, duk itatuwan kurmin nan, me ya sa a jikin gidanki aka rataye shi? Me ya sa gidanki kaɗai aka yi wa fenti?"

Damisa ta ce, "Ni abu mai ido ɗaya da na sani, bakin bindiga ne."

Sai suka yanke shawara, ba mai ƙara bin hanyar nan. Mai jin ƙishi ya zagaya ta bayan dutse.

Kwana goma, Malam Tanimu ya zo ya duba. Hoton ganye ne kawai yana faɗuwa. Ya girgiza kai ya tafi.

Kwana ashirin, ya dawo. Baƙi ƙirin, ba a ganin komai. Ashe Biri ne ya lallaɓo ta baya ya toshe idon da laka. Malam Tanimu ya goge ya tafi. Biri ya sake toshewa.

Kwana ashirin da bakwai, sai Aku ta jiyo ƙarar inji can bakin kurmi. Yaran Alhaji ne ke gwada shi. 'Ya'yanta suka ƙanƙame ta. Ta ce a ranta, "Na faɗa musu gaskiya sun ƙi. To bari in ba su abin da suke so."

Sai ta je wajen Biri. Ta ce, "Malam Biri, haƙuri na zo ba ka. Kada ka je gaban akwatin nan. Wadda take zuwa ma ta wadatar."

Biri ya bar sosa ciki. Ya ce, "Wa ke zuwa?"

Ta ce, "Ba na gulma."

Ya ce, "Yi kaɗan."

Ta ce, "An ce wanda fuskarsa ta fi yawa a ciki, da sunansa za a rubuta kurmin. Kowane ɗan itace nasa. Ni dai da asuba ina ganin wata mai siraran ƙafafu tana share laka."

Biri ya ce, "Gada! Dama na san shirun nan nata ba na Allah ba ne."

Sai ta je wajen Gada. Ta ce, "Baiwar Allah, ki fara koyon durƙuso. Kurmi za a rubuta da sunan wadda ta fi shiga akwati. Wata mai zane dabbare-dabbare kullum tana can. In ta samu, kowace safiya sai kin je gaisuwa har cikin ɗakinta."

Gada ta ce, "Har ciki?"

Aku ta ce, "Ke kaɗai."



Sai ta je wajen Damisa, ta tsaya a reshe mai tsawo. Ta ce, "Ranki ya daɗe, ina taya ki murna. Kun kusa yin sabon sarki."

Damisa ta buɗe ido ɗaya. Ta ce, "Wa?"

Ta ce, "Biri. Lakar nan da yake shafawa, ai don kada kowa ya shiga ne sai shi."

Damisa ta miƙe zaune. Ta ce, "Biri? Mai cin ƙwarƙwatar matarsa a gaban jama'a?"

Gari na wayewa sai ga Biri. Ya waiga dama, ya waiga hagu. Ya wanke idon akwatin da yawu, ya ja da baya, ya washe haƙora. Ya juya ya ba da gefe. Ya koma ya kwaso matansa huɗu da 'ya'ya goma sha ɗaya, ya jera su.

Da hantsi sai ga Gada, tana sanɗa. Ta gifta da gudu. Ta ga ba ta mutu ba, ta dawo ta gifta a hankali. Ta yi sau bakwai.

Da la'asar sai ga Damisa. Ita ba ta gifta ba ma, kwanciya ta yi a gaban idon ta ɗora hannu kan hannu.

"Kawu, Damisa ba ta cinye Gadar ba?"

Ladiyo, ina ta ga lokaci? Sarauta take nema. Ci sai bayan naɗi.

Kafin kwana biyu magana ta cika kurmi. Beguwa ta zo ta ga ko Ɓauna na zuwa. Ɓauna ya zo ya ga ko Giwa na zuwa. Ɗankunya, dabbar nan mai sulken ɓawo, wanda ko uwarsa ba ta cika ganin fuskarsa ba, ya zo leƙen asiri, ya ji akwatin ya yi ƙyas, ya dunƙule a wurin. Kowa na laɓe yana gadin kowa, akwati kuwa yana ta kwasa.

Ranar talatin sai ga Malam Tanimu da Alhaji, yara na biye da inji a kafaɗa. Aka buɗe. Haƙoran Biri suka fara fitowa. Sai Gada. Sai Gada. Sai Gada kuma. Malam Tanimu ya kai kan Ɗankunya, ya ce, "Allahu akbar! Shekarata goma sha biyu a nan ban taɓa ganinsa ba."

Alhaji ya ƙura ido. Ya ce, "Ban yarda ba. Wane biri ne ke jera iyali? Daga gidan zu ka yi hayarsu."

Malam Tanimu ya nuna masa hoton Damisa. Ya ce, "Duba inda take kwance, Alhaji. Duba inda kake tsaye."

Sai aka yi wani tari daga cikin ganye, mai kauri. Damisa ce ta zo jin sakamako. Alhaji ya riga yaransa isa mota, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Malam Tanimu ya sa wuƙa ya kankare jan fentin. Maɗaci ya tsaya. Bayan wata biyu 'ya'yan Aku suka tashi.

Namun daji suka taru a gindin bishiyar. Biri ya ce, "To, sunan wa aka rubuta?"

Aku ta ce, "Na kowa."

Biri ya dubi Gada. Ya ce, "Kun ji ko? Nata ta sa." Har yau ba sa gaishe ta. Shi ya sa ba za ku taɓa ganin aku tana hira a ƙasa ba.

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma na kurmi, a bar shi ya yi tafiyarsa. Abin da za ku riƙe: in mai gaskiya ya zo muku da magana, ku duba maganar, ku bar tonon kakarsa. Kuma kurmi da namunsa tare suke tsayawa. Ni nan, tun daga ranar ban ƙara sa naman daji a bakina ba.

"Kawu."

Na'am, Ladiyo.

"Gadar da maharbi ya kawo ranar Juma'a, wa ya cinye cinyar?"

Wannan ai akuya ce.

"Kai ka ce wa Inna a sa yaji da yawa, wai naman gada sai da yaji. Ni na wanke kwanon."

Mantau, miƙo min takalmina. Kamar an kira isha'i.