Ranar da Tururuwa Suka Kori Innarsu

Ga ta nan ga ta nanku, in kun gama ƙiriniyar.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Tururuwa dai ba da ido suke gane juna ba, da hanci ne. Mai warin gida ɗan gida ne, ko da kura ce. To, a wani rami a gindin tsamiya akwai tsohuwar mai tsaron ƙofa, sunanta Delu. Ita kaɗai ce in ta sunsuna takan ɗaga kai ta duba.

Ran nan sai ga wata ƙatuwar jar tururuwa. Ta tare 'yar ɗauko gero a hanya, ta murƙushe ta, ta yi birgima a kan gawar har warin gida ya kama jikinta. Sai ta nufo ƙofa. Delu ta ce wannan ba tasu ba ce. 'Yan gida suka sunsuna, suka ce tsufa ke damun Delu. Jawur fa, a cikin baƙaƙe!

Washegari Delu ta iske ta a rumbu tana ɗibar gero. Ta kai ƙara, aka sunsuna, aka ƙara wa baƙuwa gero. Rana ta uku ta gan ta a ƙofar ɗakin Inna, wadda ta haifi duk gidan. Delu ta yi magana har muryarta ta dushe. Aka sunsuna, aka buɗe wa baƙuwa ɗaki. Takaici kamar ya kashe Delu.

Baƙuwa ta shiga, ta fesa wa Inna wani ruwa mai tsami, ta koma gefe ta yi zamanta. Sai 'ya'ya suka ji warin bare a jikin Inna. Suka rufe uwarsu da cizo, tana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya.

Delu ta faɗa kan Inna ta rungume ta. "Ku dube ta mana, marasa kan gado, Inna ce!"

Ina! Tsamin ya shafi Delu, aka haɗa su biyu aka watso waje, aka toshe ƙofa. Baƙuwa ta hau shimfiɗar Inna, ana yi mata fifita.

Inna na kwance a rana, ƙafafu a karye. Delu na ta zazzaga wa 'yan gida zagi. Da ƙyar Inna ta ɗago kai.

"Delu, bar zaginsu. Ƙananan nan na ɗakin ƙwai, an ba su abinci kuwa?"

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. Wanda Allah ya ba hanci ya ba shi ido, in ya sunsuna ya kuma duba.