Firijin da Ba Ya Hutawa

Akwai wani mai kemis a bakin kasuwa da kowa ke kira Dakta. Ba likita ba ne, amma tun da ya fara sa farar riga sunan ya bi shi, shi kuma bai taɓa cewa a daina ba.

A kusurwar shagonsa akwai babban firiji mai ƙofar gilashi, inda yake ajiye allurar masu ciwon suga da sauran magungunan da ba sa son zafi. Cikin masu amfani da allurar har da yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Duk wata shi da kansa yake kai mata har gida.

Wata rana robar ƙofar firijin ta saki, ba ta rufuwa sai an danna da gwiwa. Ya kira wani dattijo mai gyara da 'yan kasuwa ke ce wa Baba Sanyi.

Baba ya sauya robar, amma bai tattara kayansa ba. Ya tsaya ya kasa kunne.

Ya ce, "Dakta, tun da na shigo injin nan bai huta ba."

"To ba aikinsa ke nan ba?"

"A'a. Firiji mai lafiya yana yi yana tsayawa. Abin da ke gaya masa sanyi ya isa shi ne ya mutu. Dubi bangon baya, duk ƙanƙara ce. Da kifi kake sayarwa sai in ce ka yi sa'a. Amma na sha gyara na asibiti, kullum sai sun ja mini kunne kada magani ya daskare."

A lokacin akwai masu saye kusan biyar a tsaye, duk sun juyo suna saurare. Dakta ya ji an taɓa masa girma.

Ya ce, "Baba, kai waya da gas ka sani, magani ka bar wa masu shi. Ku masu gyara, in aka kira ku ciwon kai sai kun gano wa mutum na ciki."

Aka yi dariya. Baba ya rataya jakarsa, ya ce, "Ko ba ni zan gyara ba, ka kira wani ya duba." Ya fita.

Dakta bai kira kowa ba. Da safe in ya buɗe shago yakan tarar kwalaben da ke jingine da bango sun yi tauri. Sai ya damƙe su a hannu har su narke, ya ɗaga a haske, ya ga ruwan garau, ya mayar.

Bayan 'yan makonni yayarsa ta fara rama. Ƙishirwa ba ta barinta, ga yawan fitsari.

Ta ce masa, "Ƙanina, allurar nan kamar ta daina yi mini aiki."

"Yaya, ki dai faɗi gaskiya. Kin koma satar zaƙi."

Ta yi murmushi ta rantse ba ta sha ba. Washegari ya kawo mata sabuwar kwalba, daga firijin nan dai.

Ranar da mijinta ya kira shi, yana tsakiyar ba wani magani. Ya ce ta kwanta bayan karin kumallo, an tashe ta ba ta tashi ba.

A asibiti wata likita ta karɓi kwalbar allurar ta juya ta, ta tambayi inda aka saya. Mijin ya nuna Dakta, har da ɗan alfahari, ya ce ai ƙaninta ne ke kawowa.

Likitar ta dube shi. "Ta taɓa daskarewa?"

Ya gyaɗa kai.

Ta ce, "Wannan allurar in ta daskare, ko ta narke ba a dogara da ita. Mako nawa baiwar Allah nan tana huda jikinta a banza?"

Kwana uku ta yi ba ta san wanda ke kanta ba. A na huɗu ta cika.

Mijin bai zage shi ba, bai kuma kai ƙara ba. Ya dai daina kallon fuskarsa. 'Ya'yanta da suke rugowa suna kiran Kawu in sun ji muryarsa, yanzu gaisuwa kawai suke yi su shige ɗaki.

Baba Sanyi ya zo gaisuwa, ya zauna cikin mutane, bai ɗaga maganar ba. Da zai tafi Dakta ya bi shi waje ya riƙe masa hannu.

Baba ya ce, "Kawo makullin shagon, mu je."

Gyaran bai kai rabin awa ba. Ya ciro wani ɗan abu da bai cika tafin hannu ba, ya sa sabo. Jim kaɗan injin ya yi shiru.

Yana goge hannu ya tambaya, "Su wa kuma ka sayar wa?"

Sai a lokacin Dakta ya tuna ba yayarsa kaɗai ke shan wannan wahalar ba. Ya bi gidajen da ya sani ɗaya bayan ɗaya, yana karɓar kwalabe, yana faɗar abin da ya faru da bakinsa. Wasu suka zage shi, wata ta rufe masa ƙofa a fuska.

A gida na bakwai ya tarar da wani tsohon tela kwance, an naɗe masa ƙafa da bandeji, an yanke yatsu biyu. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya miƙo kwalbar.

Ya ce, "Ashe ba jikina ba ne. Ni kuwa kullum ina yi wa matata faɗa, ina cewa ita ce ba ta iya yi mini allurar ba."

Darasi: Idan mai sana'a ya ja maka kunne a kan abin da ya sani, kada ka dubi rigarsa, kada ka dubi masu kallo. Girman kai ba a kanka kaɗai yake ƙarewa ba, waɗanda suka yarda da kai su ne ke fara kwasa. Ku tura wa duk mai shagon da ke ajiye abin da mutane za su ci, su sha, ko su sa a jikinsu.